Baƙin Salla a ƙasar waje: a sada zumunci, kada a cinye jari

Duk shekara, da zarar Salla ta gabato, ƴan Gangara mazauna Katsina, Kano ko Legas sukan fara shirin tarbar dangi daga gida. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne. To amma wa ke ɗaukar nauyinta?

Da yawa daga ƴan'uwanmu da ke can ƙananan ƴan kasuwa ne: mai shayi, mai tireda, mai goro. Ɗaki guda suke haya. In baƙi biyar suka sauka, maigida ya koma kwana shago, uwargida ta ninka tukunya, ga kuɗin motar komawa, ga tsaraba.

Da can kallon mai kuɗi ake yi wa mazaunin Nijeriya. Tun 2023 da naira ta faɗi gaban sefa, lissafi ya juya. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, shi ma ya taɓa jarin mutane. Kunya ce kawai ke hana su faɗa.

Shi ya sa muke jan hankalinku, ƴan kasuwa maza da mata. Mai tafiya ya buga waya tukuna, ya faɗi kwanakin da zai yi, ya riƙe kuɗin komawarsa. Kada a je hannu rabbana: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da daddawa suna rage wa uwargida cefane. Mai masauki kuma ya ware kuɗin baƙi daga jari tun da wuri, ko da ta adashi ne.

Baƙo raɓa ne. In ya tafi, ya bar maigida da abin buɗe shago.