Dalilin da ya sa magani ɗaya ke yi wa wani aiki, ya ƙi wani

A Hadejia da ƙauyukan da ke bakin fadamar kogin, gudawa kan biyo bayan ambaliya, kamar yadda aka gani a daminar 2022. Akasarin masu ita sukan warke cikin 'yan kwanaki. Sai dai bincike ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi fama da cutar hanji mai yaɗuwa kan ci gaba da murɗawar ciki, da kumburi, da gudawa ko taurin bayan gida har tsawon watanni, alhali gwaji bai nuna wata ƙwayar cuta ba.

Likitoci na kiran wannan larura IBS. Galibi a kan ɗauke ta a matsayin olsa ko taifod, a yi ta shan maganin da bai dace ba.

Ɗaya daga cikin magungunan da ke taimakawa shi ne amitriptyline, wanda ba shi da tsada. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan marasa lafiya 463, aka wallafa a mujallar Lancet a 2023, ya nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, miligiram 10 zuwa 30, na rage raɗaɗin.

To amma hanta ce ke narka maganin, kuma daga cikin sinadaran da take amfani da su akwai CYP2D6, wanda ƙarfinsa ya dogara ga abin da mutum ya gada daga iyayensa. Wanda nasa ke da rauni, maganin kan taru a jininsa, ya sa shi barci, da bushewar baki, da bugun zuciya. Wanda nasa ke aiki da sauri kuwa, maganin kan ƙare kafin ya yi tasiri, har ya ɗauka na jabu aka sayar masa.

A nan ne Afirka ta bambanta. A 1996 masanin nan ɗan Zimbabwe, Collen Masimirembwa, ya bayyana wani nau'i mai rauni na sinadarin da ya yawaita a tsakanin baƙar fata, har da na Afirka ta Yamma, amma da wuya a same shi a Turawa. A Habasha kuma, an gano kusan kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka gwada na da mai saurin aiki. Wannan sinadari dai shi ne ke sarrafa kodin da tiramadol, magungunan da arewacin Najeriya ya san illarsu.

Duk da haka, galibin ma'aunin shan magunguna an tsara shi ne bisa gwajin da aka yi kan Turawa. Shi ya sa likitoci ke fara bai wa mai IBS mafi ƙarancin awo da dare, su ƙara a hankali gwargwadon yadda jikinsa ya karɓa, suna kuma gargaɗin kada ya ari ƙwayar maƙwabcinsa don ta yi wa wancan aiki.