Tsohon Girkanci a jami'a: Abin da ake koyarwa da dalilin muhawara a kansa

Tsohon Girkanci harshe ne da ba a magana da shi a yau, amma jami'o'i da dama na ci gaba da koyar da shi tare da Latinanci a sashe guda. A Nijeriya, Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, ita ce ta yi fice a wannan fanni. Marubucin waƙoƙi Christopher Okigbo da tsohon Sakatare-Janar na ƙungiyar Commonwealth, Emeka Anyaoku, duk a sashen suka yi karatu.

Ɗalibi kan fara da haruffa 24 na harshen, sannan ya shiga nahawu, inda ƙarshen suna ke sauyawa gwargwadon aikinsa a cikin jimla. Akasari ana farawa da karin harshen birnin Atina na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda Aflatun da Aristo suka yi rubutu da shi. Daga nan sai a wuce zuwa waƙoƙin Homa, wato Iliad da Odyssey, da wasannin kwaikwayon Sofokilis da tarihin Hirodotas.

Mai jin Hausa na da wata dama a nan. Tsohon Girkanci na bambanta dogon wasali da gajere, yana kuma da hawa da saukar murya. Ma'aunin waƙoƙinsa ya ginu ne a kan doguwar gaɓa da gajera, kamar arulin Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa.

Alaƙar ba ta tsaya nan ba. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, masu fassara irin su Hunain ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, sun mayar da littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Ta hanyar Larabci ne kalmomi masu asalin Girkanci kamar falsafa da alƙalami da dirhami suka iso Hausa.

Sai dai fannin na fuskantar matsi. A 2021, Jami'ar Howard ta Amurka ta rushe sashenta, yayin da Jami'ar Princeton ta daina wajabta wa ɗaliban fannin koyon Girkanci ko Latinanci. Masu suka na ganin karatun ya fifita Turai, kuma ba ya kai wa ga aiki kai tsaye. Masu kare shi kuwa na cewa wanda ya dogara da fassara kaɗai ba zai iya gane inda mai fassara ya karkata ba.

Marubutan Nijeriya sun nuna cewa wannan adabi ba mallakin Turawa kaɗai ba ne. Ola Rotimi ya mayar da labarin Sarki Odifas na Sofokilis zuwa ƙasar Yarbawa a wasansa The Gods Are Not to Blame, Wole Soyinka kuma ya sake fasalin wani wasan Yurifidis a 1973.