Raƙumi da Maƙwabtansa a Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi

Raƙumi na cikin dabbobin da idon mutanen Jibiya ya saba da su. Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Jibiya, ta wuce Magama inda ƙofar iyaka take, ta shiga Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ta ratsa ƙasar da raƙuma suka riga mota takawa da ɗaruruwan shekaru. Sabo ya sa da yawa ba sa ɗaga kai idan ya gifta. Alhali dabba ce da Alƙur'ani ya ambata a aya ta 17 ta Suratul Gashiya, inda aka kira mutane su dubi yadda aka halicce ta, aka kuma jera ta tare da sama da duwatsu da ƙasa.

Tozo ne farkon abin da ake kuskuren fahimta. Mutane da yawa sun ɗauka ruwa raƙumi ke ajiyewa a ciki, amma kitse ne zalla, wanda kan kai kilo 30 a jikin lafiyayyen amale. Guzuri ne na ranar yunwa. In tafiya ta yi tsawo kiwo ya yi ƙaranci, tozon kan zube ya kwanta gefe guda, shi ya sa mai saye a kara yake fara kai ido can kafin ya buɗe baki. Tara kitsen wuri ɗaya yana da wata hikimar: da a ce ya bazu ƙarƙashin fata, da ya riƙe zafi a jiki kamar bargo.

Babban abin mamakin yana wajen ruwa. Masanin halittu Knut Schmidt-Nielsen, wanda ya yi bincike kan raƙuma a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950, ya gano cewa zafin jikin raƙumin da ke cikin ƙishi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da asuba yakan sauka zuwa digiri 34, da rana ya haura 40. Mutum in jikinsa ya kai haka yana kwance da zazzaɓi mai tsanani, shi kuwa raƙumi ta haka yake jinkirta gumi: ya tara zafin yini a jikinsa, dare ya yi ya sake shi cikin sanyin iska ba tare da ya yi asarar ruwa ba. Hancinsa na tsotse laimar numfashi kafin ta fita. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa kuma busasshe ne har ana iya hura wuta da shi ba da jimawa ba. Yana iya rasa kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa saboda ƙishi yana nan a tsaye, abin da zai kashe saniya ko doki tun kafin a kai nan. Ranar da ya samu rijiya kuwa, yakan sha lita 100 cikin kwata na awa. Ƙwayoyin jininsa ma dogaye ne masu siffar ƙwai, suna gudana ko jini ya yi kauri, suna kuma jure kumburi in ruwa ya shigo da yawa lokaci ɗaya.

Wanda ya tsaya kusa da raƙumi a gurfane zai ga sauran. Gashin idonsa dogo ne mai kauri, yana iya rufe ƙofofin hancinsa in guguwa ta taso, leɓensa na sama a tsage yake, yana tsinkar ganye daga cikin ƙaya. A ƙirjinsa da gwiwoyinsa akwai kanta mai tauri wadda yake dogarawa a kai, don haka rairayi mai zafi ba ya ƙona shi. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai laushi, yana bajewa in ya taka, ba ya nutsewa. Taguwa kan ɗauki ciki wata 13, ta haifi ɗa ɗaya, nononta kuma abinci ne ga makiyayan Azbin.

Da wannan jiki aka ɗauki cinikin Sahara. Ayarin Buzaye kan tashi daga duwatsun Azbin bayan damina, ya keta hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa da rani a musanya da gero, raƙuman kuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe su bar taki. Manyan motoci sun karɓe mafi yawan wannan aiki. Duk da haka raƙumi bai zama abin tarihi ba, domin ana huɗa da shi, ana dakon hatsi da kara, ana kuma kai shi mahautar Kano.

Shamuwa ita ma baƙuwar wannan yanki ce, sai dai ta sama take zuwa. Baƙar tsuntsuwa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu, tana isowa gab da saukar ruwan farko, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Manomi in ya gan ta sai ya fara gyaran gona. Damina na ƙarewa ta ɗauki hanya, ta tsallake tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne tasu daminar ke kankama. Wato dai ruwa take bi duk shekara. Abincinta fara ne da tsutsa, kuma barin ta da Hausawa suka yi ba sa taɓa ta al'ada ce mai kyau da ta dace a riƙe, tunda aikin manomi take yi masa kyauta.

Raƙumin dawa kuwa saura ƙiris Nijar ta rasa shi. Irin na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, a da ya bazu daga Senegal har tafkin Chadi. Farauta da fari da sare daji suka cinye shi, har a 1996 guda 49 kacal suka rage, dukkansu a kewayen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsaurara hana farautarsa, mutanen ƙauyukan suka haƙura da ɓarnar da yake musu a gonakin wake, adadin ya haura 600. Ƙasusuwan wuyansa bakwai ne kamar na mutum, tsawonsu ne ya bambanta, kuma ƙarfin bugun jininsa ya ninka na mutum kusan sau biyu don jinin ya kai kai. A 2018 aka ɗauki guda takwas a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a gandun dajin Gadabeji da ke cikin jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.