Kwano, Bangon Ƙasa da Sararin Samaniya: Yadda Igiyar Waya ke Isa Safana

Duk wanda ya taɓa zama a Safana, ko Runka, ko ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, ya san cewa mai wayar salula ba ya zama wuri guda in yana son maganarsa ta fita sosai: daga ɗaki sai ya fito tsakar gida, in bai dace ba ya nufi ƙofar gida, wani lokaci har ya hau tudu yana ɗaga hannu sama. Jama'a sukan ɗora alhakin wannan a kan kamfani, kuma sau da yawa da gaskiyarsu. Amma akwai wani sababi da ya girmi kamfanonin duka, wanda Allah Ya shimfiɗa a cikin ɗabi'ar halitta, shi ne hukuncin da ke kan igiya a duk lokacin da ta iso iyaka tsakanin jiki biyu mabambanta.

Abin da ke ɗauko murya daga ƙarfen sabis zuwa waya igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, jinsinta ɗaya da hasken rana, ba su saɓa ba sai a tsawon zango. Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, James Clerk Maxwell, shi ya tabbatar da haka ta hanyar hisabi a 1865. Muddin igiyar tana cikin sarari ba ta da wani labari, tafiya kawai take yi miƙe, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Labari yana farawa ne sa'ad da ta ci karo da bango, ko ruwa, ko ƙarfe, domin a nan ake yi wa ƙarfinta rabo irin na gado: kaso guda ya komo baya, kaso guda ya ratsa ya wuce, kaso na uku jikin ya shanye shi ya zama ɗumi, kuma in an tara kason nan uku ba za su ɗara abin da ya iso ba, ba kuwa za su gaza shi ba.

Malaman Musulunci na da sun yi nisa a wannan fanni ta fuskar haske. Ibn Sahl, a Bagadaza, wajen shekarar 984, ya rubuta ƙa'idar karkatar haske in ya shiga gilashi, fiye da shekara 600 kafin Turawa su sake gano ta; Ibnul Haisam kuwa, haifaffen Basra wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya bi al'amarin da gwaji a littafinsa Kitabul Manazir. Gwargwadon kowane kaso ne ya jira Fresnel, mutumin Faransa, a farkon shekarun 1820. Bisa lissafinsa, hasken da ya faɗo wa gilashi kai tsaye kashi 4 cikin 100 ne kacal ke komowa daga fuskarsa, a ruwa kuma kashi 2. Amma in ya zo a karkace ƙwarai, mai komowar sai ya rinjayi mai shiga. Dalili ke nan da wanda ya leƙa bakin madatsar Zobe da tsakar rana yake ganin yashin ƙasa, alhali kuwa da la'asar sakaliya, in ya hangi ruwan daga nesa, ƙyalli ne kawai zai kashe masa ido.

To, sai mu zo ga kwano, wanda yau ya kori jinka da soro a yawancin garuruwanmu. Ƙarfe, saboda lantarki na gudana a cikinsa ba tare da shamaki ba, kusan ba ya barin kome ya ratsa shi, mayarwa yake yi ɗungurungum. Har ma lokacin da Heinrich Hertz ya so ya nuna wa duniya, a garin Karlsruhe na Jamus a 1888, cewa igiyar rediyo tana komowa kamar haske, faranti na tutiya ya kafa a jikin bango, wato irin ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi. Ya kuma lura da abin da mai waya ke fama da shi yau ba tare da ya san sunansa ba: igiya mai zuwa da mai komowa suna haɗuwa, a wani gurbi su ƙarfafa juna, a wani su kashe juna. Tun da zangon igiyar waya ta megahaz 900 kimanin santimita 33 ne kacal, tsakanin gurbi mai kyau da maras kyau ba ya kai taki guda, shi ya sa mutum kan gyara zama kaɗan a kan tabarma sai magana ta yanke. A ganina magina sun daɗe suna zaɓen wurin taga don iska da haske kaɗai, alhali a ɗaki mai rufin kwano da ƙyauren ƙarfe ita ce babbar mashigar igiya.

Bangon ƙasa ya fi sauƙin hali. Da rani, in ya bushe, yakan bar kaso mai yawa ya wuce. Da damina kuwa, in ya sha ruwa, shanyewarsa takan ƙaru, haka ma ɗanyen ganyen itatuwa. Duwatsun Batsari kuma inuwa suke yi wa wanda ke bayansu.

Akwai wata iyaka wadda ido ba ya gani, kuma mutanen wannan yanki sun ga amfaninta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, saboda matsalar tsaro. Wayoyi suka yi shiru, amma akwatin rediyo bai yi ba. A can sama, daga kimanin kilomita 100 zuwa 400, hasken rana yana mayar da siririyar iskar wurin mai ɗaukar lantarki, kamar yadda Edward Appleton ya tabbatar a Ingila a 1924. Igiyar gajeren zango, mai mita 19 ko 25 ko 31, in ta isa can sai ta lanƙwaso ta komo ƙasa a nisan dubban kilomita, kuma ta wannan hanya Sashen Hausa na BBC ke shiga ƙauyukanmu tun 1957. Igiyar waya da ta FM kuwa, saboda zangonsu ya fi wannan gajarta ƙwarai, ratsa wannan rufi suke yi su wuce abinsu, don haka ba su da madogara sai ƙarfen sabis da ke kusa. Ƙarƙashin wannan rufi akwai wani sashe mai shanye igiyar matsakaicin zango da rana, wanda yake watsewa in rana ta faɗi. Saboda haka ne tashoshi masu nisa, irin su Rediyon Kaduna, suka fi fitowa sarai bayan sallar isha'i.