Yara Dubu da Wuƙar Likita

A shekarar 1934, a birnin New York na Amurka, wata ƙungiya mai kula da lafiyar yara ta bincika 'yan makaranta 1,000, kowannensu ɗan shekara goma sha ɗaya, domin ta san halin tsokokin nan biyu da ke cikin maƙogwaro, dama da hagun beli, waɗanda likitoci ke kira tansil. Sai ta tarar an riga an yanke na yara 611. Ragowar 389 aka gabatar wa likitoci, suka hukunta a yi wa 174 aiki. Su 215 da suka kuɓuta aka kai wa wasu likitocin, su ma suka zaɓi 99. Aka sake kai 116 da suka saura gaban jama'a ta uku, ta ware 51, har ya zamana a cikin dubun nan 65 kaɗai ne wuƙa ba ta taɓa ba, ba a kuma ce ta taɓa su ba.

Mai hankali zai lura cewa da cuta likitocin nan ke gani da idanunsu, lalle da waɗanda suka fara dubawa sun kwashe masu ita, na biyu su samu kaɗan, na uku su tashi hannu rabbana. Amma ga shi kowane rukuni ya fitar da kusan rabin waɗanda aka ajiye a gabansa, wanda ke nuna cewa hukuncin yana cikin zukatansu tun kafin yaro ya buɗe baki. Wannan shi ne abin da malamai ke kira taƙlidi, wato bin maganar magabata ba tare da neman hujjarta ba. Adalci ne dai a faɗi uzurinsu, domin a zamanin ba a fara amfani da fenisilin ba, ciwon maƙogwaro kuwa yakan haifar da zazzaɓin da ke lalata zuciya, sai suka yi ijma'i cewa tsokar nan matattarar cuta ce, cire ta maslaha. Illa iyaka aikin da kansa yana da nasa haɗarin, na zubar jini da na maganin sa barci, kuma akwai yaran da suka rasu ta dalilinsa.

A Ingila, Dakta Alison Glover ya nuna a 1938 cewa yawan aikin ya sha bamban tsakanin gunduma da maƙwabciyarta, ya kuma fi yawa ga 'ya'yan masu hali, alhali ba su fi 'ya'yan talakawa ciwo ba; ra'ayin likitan wurin shi ne ma'auni. Mu ma ba mu da bakin yi musu dariya, tun da har yanzu akwai gidajen da wanzami ke cire wa jariri beli a makon haihuwarsa, lafiyarsa ƙalau, don tsoron ciwon da bai zo ba.

Sai a 1984 ne Dakta Jack Paradise da abokan aikinsa a Pittsburgh suka fitar da sakamakon gwajin da ya zama ƙa'ida, cewa yaron da ake sa ran aikin zai amfana shi ne wanda ciwon maƙogwaro mai tsanani ya kama sau bakwai a shekara guda, ko sau biyar-biyar shekara biyu a jere, ko sau uku-uku shekara uku. Ban da wanda tsokar ta kumbura har tana toshe masa numfashi cikin barci, wanda larurarsa dabam ce. Duk da haka, da masu bincike na Jami'ar Birmingham suka duba takardun asibiti na yaran Birtaniya, sai suka bayyana a 2018 cewa a cikin kowane yara takwas da aka cire wa tansil, kimanin bakwai ba su cika sharuɗɗan da hujja ta tabbatar ba.