Akwatin Da Ba Ya Shan Wuta: Yadda Zaren Gilashi Ɗaya Ke Kai Intanet Gida Talatin Da Biyu

Kwanakin baya intanet ya ɗauke mana a layinmu har kwana uku. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk gidajen da aka ja wa wayar faiba a gefenmu sun tsaya cak, alhali na tsallaken titi suna ta harkarsu. Da ma'aikacin kamfanin ya zo, ya hau turken wuta ya buɗe wani farin akwati, sai na matsa na ce, "Samari, wace irin na'ura ce a ciki da ta jefa mu cikin wannan hali?" Ya yi murmushi ya nuna mini wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba, ya ce, "Baba, wannan ce sifilita, mai raba haske. Lafiyarta ƙalau. Zaren da ke shigowa cikinta ne aka lanƙwasa." Tun ranar nake bin diddigin wannan 'yar na'ura, kuma na ga ya kamata mai karatu ya san ta, domin kuɗinsa da haƙƙinsa suna rataye da ita.

Wayar faiba zare ne na gilashi mai tsananin tsabta, kaurinsa kusan na gashin kai. A tsakiyarsa akwai wata siririyar hanya da haske ke bi, yana ƙyaftawa sau miliyoyi a daƙiƙa guda, kuma wannan ƙyaftawar ita ce saƙo. A shekarar 1966 ne Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a Ingila cewa idan aka tsarkake gilashi sosai zai iya ɗaukar haske zuwa nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren da ya tabbatar da haka, shi kuma Kao ya samu lambar yabo ta Nobel a 2009.

Matsalar da ta rage ita ce ta tsada. Idan za a ja wa kowane gida zarensa tun daga ofishin kamfani, kuɗin ba zai biyu ba. Dabarar da aka fito da ita ita ce a jawo zare ɗaya zuwa unguwa, sannan a raba haskensa. Duk wanda ya taɓa zuwa gonakin rani na Kadawa ko Kura ya ga irin wannan tsari: babbar hanyar ruwa ta taso daga madatsar Tiga, ta rabu zuwa ƙananan magudanai, kowace ta nufi fili. Haka mai raba haske take aiki. Haske ya shigo ta ƙofa ɗaya, ya rabu biyu, kowane rabi ya sake rabuwa biyu, har a samu ƙofofi 8, 16, 32 ko 64.

Iri biyu ake ƙerawa. A tsohuwar hanya, ana haɗa zare biyu a gasa su da zafi, a ja su har su narke su manne, sai haske ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A sabuwar hanya kuwa, ana zana siraran hanyoyi masu rassa a kan ɗan fallen gilashi, kamar rassan bishiya. Wannan ta biyun ta fi raba haske daidai wa daida, shi ya sa aka fi amfani da ita wajen kai intanet gidaje. Dukkansu ba sa buƙatar lantarki ko batir. A ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa kamar tamu, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce: ofishin kamfani da 'yar na'urar cikin gidanka ne kawai ke neman wuta, abin da ke tsakaninsu gilashi ne zalla.

Sai dai misalin ruwa yana da iyaka. Ƙarfin hasken ne ake rabawa, amma saƙon kansa yana isa kowane gida cikakke, kamar mai shela a tsakiyar gari da kowa ke jin muryarsa. Na'urar gidanka tana tsintar abin da aka aiko da sunanta, ta ƙyale saura, kuma ana kulle saƙon kowa da mabuɗin sirri don kada maƙwabci ya leƙa. Wajen mayar da saƙo kuma, bi da bi ake yi. Ofishin kamfani ne ke tsaga wa kowane gida ɗan lokacin da zai yi magana. Idan na'urar gida guda ta lalace ta riƙa haska fitilarta ba a kan ƙa'ida ba, tana iya toshe bakin duk maƙwabta. Saƙon zuwa da na komawa ba sa karo da juna a zare ɗaya, domin kowanne da launin haskensa: nanomita 1490 mai saukowa, 1310 mai hawa. Ido ba ya ganin wannan haske amma yana iya cutar da shi, don haka a gargaɗi yara kada su leƙa bakin zaren da ya tsinke.

Rabo kuma ba ya zuwa kyauta. Injiniyoyi na auna raunin haske da desibel. Duk rabuwa biyu tana cin desibel 3 da ɗan ɗori, don haka mai ƙofa 32 takan ci kimanin 17. A tsarin GPON da ya fi yaɗuwa, abin da akan ware gaba ɗaya shi ne 28. Tafiyar kilomita 20 tana cin kusan 7. Ka ga abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Lanƙwasa guda mai tsanani, ko ƙurar hunturu a bakin mahaɗi, ta isa ta kashe layi. Abin da ya same mu ke nan.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Zaren GPON guda yana sauko da kusan gigabit 2.5 a daƙiƙa. Idan gida 32 suka hau a lokaci ɗaya da dukkan ƙarfinsu, kowa zai samu kimanin megabit 78. Idan 64 ne, ya koma 39. Raba zare ba ha'inci ba ne, domin da wuya kowa ya buƙaci rabonsa duka a lokaci guda, kuma rabon ne ya sa farashi ya sauko. Ha'incin shi ne a cusa jama'a fiye da ƙima, a sayar masu da gudun da aka san ba za su gani ba bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida. A ganina, ya dace Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta wa kamfanoni su bayyana wa mai saye gida nawa ke kan zarensa, da mafi ƙarancin gudun da suka lamunce masa.

Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 sun sauka a Legas tsakanin 2009 da 2010, Equiano ta Google ta biyo baya a 2022. Gwamnatin Tarayya ta yi shelar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Amma ruwan da ya tsaya a madatsa bai shayar da gona ba. Sai zare ya shigo lungunan Kano da Katsina da Sakkwato, an kafa waɗannan akwatuna, sannan ɗalibi da ɗan kasuwa za su gani a ƙasa. Wannan na buƙatar jihohi su sassauta kuɗin izinin haƙa, kamar yadda aka amince da Naira 145 a kan kowace mita, su kuma tilasta wa 'yan kwangilar titi tuntuɓar kamfanoni kafin su sa katafila.

Mu ma muna da namu nauyin. Masu unguwanni da limamai su faɗakar cewa babu jan ƙarfe a cikin wayar faiba. Wanda ya yanke ta bai samu abin sayarwa ba, ya dai katse karatun yara da cinikin maƙwabtansa. Akwatin da ke kan turken ƙofar gidanka na mutum talatin ne. Mu kula da shi kamar yadda muke kula da rijiyar unguwa. Allah Ya sa mu dace.