Duwatsun da ke kiɗa a Birnin Kudu

A Turai akwai makaɗan da ba sa taɓa kiɗan Bach, mutumin Jamus da ya rasu a 1750, sai da irin kayan kiɗan zamaninsa, masu tsirkiyar hanjin tumaki.

To, Birnin Kudu tana da abin kiɗan da ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba. A kogunan da ke da zanen shanu, irin su Dutsen Mesa, akwai falalen duwatsu da in an ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge. A 1955 Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya bincike su. Gurbin dukan mutanen da har ya lotsa a jikin duwatsun, kuma kowane gurbi da muryarsa.